Kunyar Tambaya Ce Ke Kayar Da Ƙannenmu A Shekarar Farko Ta Jami'a

 Makon nan ni aka miƙa wa alƙalami, kuma maganata a kan ƙannenmu ce da suka samu gurbin karatu, suna ɗaure kaya za su tafi jami'a.

Wanda ya san ni a Mafara ya san ban yi jami'a ba. Difloma na yi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, nan gida, kuma tun da na gama nake zaune a wani shagon kwamfuta, muna yi wa ɗalibai rajista muna buga musu takardu. Wannan kujerar ce ta ba ni bakin magana. A gabana yaro ke ganin sunansa ya fito, ya yi tsalle ya rungume ni. A gabana kuma yake dawowa bayan shekara guda, ya ce in buɗe masa sakamakonsa amma don Allah kada in ɗaga murya. Na ga fuskokin nan biyu sau da yawa, har na fara tambayar kaina me ke faruwa a tsakaninsu.

Amsar da na samu ita ce: yawancin yaranmu na Mafara da Bakura da Maradun da ke tuntuɓe a shekarar farko suna da kai, suna da ƙoƙari. Abin da ke kayar da su shi ne ba su san yadda jami'a ke tafiya ba, kuma suna jin nauyin su tambaya.

Akwai wani ƙanena, ɗan ƙanwar mahaifiyata, daga wajen Bakura. A sakandare shi ne na ɗaya ko na biyu. Da ya samu gurbi a wata babbar jami'a aka yi murna, aka ɗinka masa sababbin kaya, aka raka shi tasha. Sati uku da fara karatu yana shiga wata lakca da ba ta sashensu ba, domin ya bi ayarin ɗalibai kawai ya zauna inda suka zauna. An yi gwajin farko a wani kwas bai sani ba, saboda an sanar a rukunin WhatsApp na ajinsu, shi kuma ba ya ciki. Da na tambaye shi me ya hana ya nemi wani ya sa shi, sai ya ce: "Yaya, kowa na gani kamar ya san komai, kar a ce ga baƙauye." Wannan kalma guda ta ci masa maki kusan talatin a kwas ɗaya.

Mu fara gane girman wurin da muke tura su. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da aka kafa a 1962, gari ce guda. Mazauninta na Samaru daban, na Kongo daban. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da ta fara a 1975, babban mazauninta na bayan gari ne wajen Dundaye. Jami'ar Bayero ta Kano tana da tsohon mazauni da sabo. Yaron da ya fito daga aji mai mutum hamsin, wanda shugaban makaranta ya san sunan mahaifinsa, zai tsinci kansa a zauren lakca mai ɗaruruwan mutane, malami na magana da lasifika, bai san shi ba kuma ba zai neme shi ba. Babu ƙararrawar shiga aji, babu mai bulala a bakin ƙofa. In ka zo, kanka. In ka kwanta a ɗaki, kanka.

Sannan mu tuna irin sakandaren da wannan zubin ya yi. A 2020 korona ta rufe makarantu wata da watanni. A Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata a makarantar Jangebe, cikin ƙaramar hukumarmu ta Talata Mafara. A Agustan shekarar aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. A ranar 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai a makarantar Kaya ta Maradun, daga nan aka rufe makarantu a jihar, aka kuma katse layukan waya. Yaran da ke shiga jami'a a 'yan shekarun nan su ne suke ƙananan azuzuwa a wancan lokacin. Akwai babi-babi na lissafi da Turanci da kimiyya da ba a taɓa koya musu ba. Wannan ba laifinsu ba ne, kuma ba abin ɓoyewa ba ne. Amma za su zauna benci ɗaya da wanda ya yi makarantar kuɗi a Kaduna ko Abuja, jarrabawa kuma iri ɗaya za a ba su. Wanda ya ɓoye giɓinsa, takardar jarrabawa za ta tona shi.

Ga lissafin da nake so kowane mai tafiya ya zauna ya yi kafin ya hau mota. A jami'o'inmu ana auna ɗalibi da abin da ake kira CGPA, a kan sikeli na 5. Maki 70 zuwa sama A ne, yana ba ka 5. Daga 60 zuwa 69 B ne, 4. Daga 50 zuwa 59 C ne, 3. Haka yake sauka har zuwa F, wanda ba ya ba ka komai sai dai ka maimaita kwas ɗin. Digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa, mai daraja ta biyu ta sama kuma daga 3.50. Abin da yara ba su sani ba shi ne sakamakon aji ɗaya ba ya mutuwa, yana bin ka har ranar da za ka fita. A ce karatun shekara huɗu ne, nauyin kwasa-kwasan kowace shekara ɗaya ne, sai ka gama shekarar farko da 1.50. Kafin ka kai 3.50 a ƙarshe, sai ka riƙa cin kusan 4.17 a kowace shekara cikin ukun da suka rage, alhali karatun ƙara tsauri yake yi. Wanda kuwa ya fara da 3.80 yana da wurin da zai ja numfashi ko da wata shekarar ta zo masa da tangarɗa. Mu da muka yi difloma a kan sikeli na 4 aka auna mu, don haka masu shiga aji biyu kai tsaye da difloma su ma su sake lissafi, kada su ɗauka abu ɗaya ne.

Wani abin kuma, jarrabawar ƙarshen zango ba ita ce duka makin ba. Kashi 30 ko 40 cikin ɗari daga gwaje-gwaje da ayyukan da malami ke bayarwa a tsakiyar zango suke fitowa. Jami'o'i da yawa kuma suna da dokar halartar lakca kashi 75 cikin ɗari kafin a bar ka ka zauna jarrabawa. Dabarar sakandare ta a bari sai saura sati biyu a kwana ana haddace littafi ba ta aiki a can. Haka kwasa-kwasan GST, irin su Turanci da ake tilasta wa kowa, waɗanda yara ke rainawa don ba na fanninsu ba ne: su ma suna shiga lissafi, kuma ba a fita da su a wuya.

Tun daga takardu ma kunyar nan ke fara ɓarna. Samun suna a allon makaranta bai wadatar ba, sai ɗalibi ya shiga shafin CAPS na hukumar JAMB ya karɓi gurbin da kansa, ya buga takardar shaidar. Na sha ganin wanda sunansa a katin NIN daban, a WAEC ko NECO daban, ranar haihuwa kuma wata uku. Gara a gyara wannan tun yanzu. Barinsa kuwa yana iya tare mutum a bakin bautar ƙasa bayan shekara huɗu ko biyar. Kuɗin makaranta kuma a biya ta hanyar da jami'a ta shimfiɗa, a riƙe rasit. Duk wanda ya tare ka a bakin ƙofa ya ce ka tura kuɗi asusunsa zai sama maka gado a hostel, ka wuce ka tambayi ofishin kula da harkokin ɗalibai. Masu damfara sababbin shiga suke farauta, domin sun san ba za su tambaya ba, in an cuce su ma ba za su faɗa ba.

Na san abin da wasu za su ce: malam, daina zancen kunya, talauci ne matsalar. Ban musa ba. Uban da ya yi shekaru bai iya zuwa gonarsa ta nesa ba, ko wanda nomansa na rani a Bakolori bai fitar da kuɗin taki ba, ina zai samo kuɗin rajista da na ɗaki da na abinci? Wannan gaskiya ce mai ɗaci. Sai dai ko a nan ɗin shirun yana ƙara wa ciwon gishiri. Tun watan Mayun 2024 asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ya buɗe, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, yana ba da Naira 20,000 a wata na kashewa, kuma babu kuɗin ruwa a kansa. Bashi ne, za a biya bayan an gama, don haka a yi shawara da iyaye kafin a cike. Amma yara nawa ne suka zo shagonmu ba su ma san sun cancanta ba? Akwai kuma wanda zai kwana biyu bai ci abinci ba a ɗaki, ya buga waya gida ya ce komai lafiya. Iyaye, ku zauna da yaro ku faɗa masa gaskiyar abin da za ku iya turawa a wata, ya tsara kansa a kai. Ku haɗa masa garin kwaki da shinkafa da wake da ƙuliƙuli da yaji. Buhun abinci ya fi shadda uku amfani a watan farko.

Maganar tsaro kuma ba ta son kara. A Satumban 2023 an ɗauke ɗalibai na Jami'ar Tarayya ta Gusau, yawancinsu mata, daga gidajen haya a Sabon Gida, wajen makaranta. Don haka kafin a kama ɗaki, musamman wa ɗiya mace, a tambayi waɗanda suka riga zama wurin, a fifita cikin makaranta in an samu. Hanyar Gusau zuwa Funtuwa ta Tsafe, ko ta Sakkwato ta Tureta, a bi ta da rana, a hau mota a tasha, a sanar da gida lokacin tashi da na isa.

Kada a fahimce ni a baibai. Kunya ado ce, addini ya yabe ta, kuma ina alfahari da tarbiyyar da ke sa yaronmu ya durƙusa ya gaida babba. Wadda nake suka ita ce wadda ke hana mutum cewa "ban gane ba". Malamanmu na zaure ba su taɓa hana almajiri tambaya ba, kuma Bahaushe da kansa ya ce matambayi ba ya ɓata.

To, ƙanena mai tafiya, ga abin da nake roƙonka a satin farko. Ka nemi malamin da aka ɗora wa kula da ajinku, ka nuna masa takardar kwasa-kwasanka kafin ka miƙa. Ka san shugaban ajinku, ka sa ya saka ka a rukunin sanarwa. Ka karanta littafin dokokin ɗalibai, musamman shafin satar jarrabawa, domin hukuncinta kora ce. Ka yi katin laburare. In Samaru kake ga na Kashim Ibrahim, in Sakkwato ne ga na Abdullahi Fodiyo. Ka nemi ƙungiyar ɗaliban Zamfara da ta ɗalibai Musulmi, akwai manya da ke koyar da sababbi kyauta. Ka zauna a gaba. Ka yi Turancinka ko da karyayye ne. Wanda ya yi maka dariya yau ba shi zai rubuta maka jarrabawa ba. Kuma kada ka takura kanka cikin 'yan garinku kaɗai, ka yi abota da Bayerabe da Inyamuri da Banufe mai ƙoƙari, da su za ka yi aiki gobe.

Mu kuma da ke wannan zaure akwai namu nauyin. A cikinmu akwai waɗanda suka gama ABU, da Ɗanfodiyo, da Bayero, da Gusau, akwai masu karatu a Jami'ar Jihar Zamfara nan Mafara. Kowannenmu ya ɗauki yaro ɗaya daga unguwarsu ko ƙauyensu. Ka zauna da shi awa guda kafin ya tafi, ka yi masa lissafin nan na CGPA a takarda, ka ba shi lambar wani da ka sani a can. Bayan wata ɗaya ka kira shi. Kada ka tambaye shi "ya karatu?", domin "alhamdu lillahi" zai ce. Ka tambaye shi gwaji nawa aka yi, nawa ya ci, wane kwas ne ke ba shi wahala, me ya ci yau.

Ƙanen nan nawa na Bakura bai bar makaranta ba. Ya maimaita kwasa-kwasai biyu, yanzu yana aji uku, kuma shi ke tarbar sababbin 'yan yankinmu a tasha. Sai dai har yau yana biyan bashin shekarar farko a sakamakonsa, kuma ya san darajar da ya so fita da ita ta yi masa nisa. Da a ce ni ɗin nan na zauna da shi awa guda kafin ya hau mota, da wataƙila ba haka ba. Shi ya sa na rubuta wannan.

Allah Ya ba ƙannenmu ilimi mai amfani, Ya kai su lafiya Ya dawo mana da su lafiya, Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Amin.