Tsutsar tumatir: me ya sa feshi ya daina kashe ta?

Duk lokacin da kwandon tumatir ya yi tsada a kasuwannin Maraɗi, Tawa ko Yamai, mukan ji masu garka suna cewa ƴan kasuwa sun sayar musu da maganin jabu. Jabu akwai shi, musamman wanda ke ƙetaro iyaka ba tare da izinin kwamitin CILSS mai tantance magungunan ƙwari ba. Amma ko maganin na gaskiya ne, sau da yawa tsutsar ba ta mutuwa, kuma dalilin yana cikin jininta.

Tsutsar da masana ke kira Tuta absoluta, manoman Kano kuma suka laƙaba wa suna "sharon", ƴar asalin Amurka ta Kudu ce. Ta shiga Sipaniya a 2006, an gan ta a Nijar a 2013, a 2016 kuwa ta yi ɓarnar da ta sa jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Uwarta ƙaramin ƙwaro ne mai tashi da dare, tana iya zuba ƙwai har 260, kuma cikin wata guda jikoki sun fito.

Magunguna masu arha irin su lambda-cyhalothrin da cypermethrin suna kama wani wuri ne a jijiyar ƙwaro, kamar mabuɗi da kwado. In ƙwayar gado ta sauya kaɗan, kwadon ya sake, mabuɗi ba ya shiga. Feshi ya kashe sauran, mai wannan sauyi ta tsira, ta haifi masu kama da ita. A 2012 masu bincike sun duba tsutsotsi daga ƙasashe 12, suka tarar duka suna ɗauke da sauyin. Ke nan tun kafin ta iso garakenmu ta riga ta gaji wannan tauri daga kakanninta. Sabon magani mai tsada irin Coragen, mai kama naman jikinta, shi ma a 2014 aka ga ya fara gazawa a tsibirin Sisili na Italiya, inda aka yi ta fesa shi babu hutu.

Nan ne hasarar ta shafe mu. Mai garka ya ninka awo, ya ci bashi, ya sake fesawa ana gobe tsinka, gubar ta biyo kwando har teburin mai sayarwa da tukunyar miya. Ya dawo shago, a miƙa masa kwalba mai wani suna da wani hoto, alhali sinadarin ciki guda ne. A ganinmu, mai shagon da ya karanta ƙaramin rubutun jikin kwalba, ya ba manomi magani na wani dangi dabam a zagaye na gaba, ya fi riƙe abokin ciniki. Tarkon ƙamshi mai janyo mazan ƙwaron da ƙone ragowar shuka bayan girbi su ma suna rage yawan feshi, sai dai tarkon har yanzu da wuya a same shi a kasuwannin ƙauye.