Powerman: Jarumin Da Aka Zana A Ingila Don 'Yan Nijeriya

Tun daga 1927, lokacin da aka haɗa hanyar jirgin ƙasa ta Fatakwal da ta Kaduna, garin Kafanchan ya zama mahaɗar matafiya, domin daga nan ne kuma reshen Jos ya tashi. Inda jirgi ke tsayawa kuwa ba a rasa jarida. Dattawan da suka yi makaranta a wannan yanki cikin shekarun 1970 za su tuna da mujallun hotuna da na zane waɗanda yara ke karɓa hannu da hannu har takardar ta yi laushi.

Ta farko da ta yi tashe ita ce African Film, wadda kamfanin Drum ya fara bugawa a 1968. Hotunan mutane ne na gaske aka jera, ana ba da labarin wani ɗan ƙwalisa mai suna Lance Spearman, mai kama miyagu. Bayanta sai ga Powerman a 1975.

Powerman baƙin mutum ne mai ƙarfin gaske, yana tashi sama kamar shaho, ba abin da ke iya karya lagonsa sai saran maciji. An ƙirƙiro shi ne musamman domin kasuwar Nijeriya, saboda jaruman da ake kawowa daga ƙetare duk fararen fata ne. To, amma abin mamaki, waɗanda suka yi aikin Turawan Ingila ne. Donne Avenell da Norman Worker ke rubuta labarin, Dave Gibbons da Brian Bolland kuma suna karɓa-karɓa wajen zane. Mujallar tana fitowa duk mako biyu. Har lamba ake sa wa kowane hoto, wai don kada mai karatu ya ruɗe wajen bin labarin.

Ba ta yi tsawon rai ba, a 1977 aka daina buga ta. Masu zanen kuwa tauraronsu ya haska daga baya. Gibbons ne ya zana Watchmen a 1986, Bolland kuma ya zana The Killing Joke, labarin Batman, a 1988. A wannan shekara ta 1988 kamfanin Eclipse na Amurka ya sake buga wasu labaran na Powerman, amma aka sauya masa suna zuwa Powerbolt. Ashe gaskiyar Bahaushe da ya ce kayan aro ba ya rufe katara.

Sai mai karatu ya gwada wannan da tarihin Superman. Wasu samari biyu, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka ƙago shi, ya fara fitowa a Action Comics ta ɗaya a 1938, ana sayar da kowace santi goma na Amurka. Mujallar ta ratsa Yaƙin Duniya na Biyu, ta ga zuwan talabijin da intanet, har ta kai fitowa ta 1,000 a 2018. A 2024 an sayar da kwafe guda na fitowar farko a kan dala miliyan 6. Su kuwa samarin da suka ƙago shi, dala 130 kacal aka biya su suka sallama haƙƙinsu, sai a 1975 aka yanka musu fansho bayan an yi ta kai ruwa rana.

Darasi biyu ke nan. Na farko, labari ba ya daɗewa sai yana da gida mai riƙonsa da ɗakin ajiya mai adana shi. Na biyu, mai fasaha ya karanta takarda da kyau kafin ya sa hannu.

Ƙasar Kudancin Kaduna ba ta rasa abin zanawa ba. Ga tsaunukan Kagoro da bikin Afan da ake yi ranar 1 ga Janairu, ga mutum-mutumin Nok da suka haura shekara dubu biyu, ga labaran mafarauta a bakin tsofaffin Bajju da Atyap da Ham. Abin da ya rage shi ne matasa masu alƙalami su tashi, mawadata kuma su ɗauki nauyin ɗab'i. Wanda kuma yake da tsohuwar Powerman a ƙasan adaka, ya fito da ita ya kai ɗakin karatu kafin gara ta riga shi.