Nasiha Ga Masu Jinyar Ciwon Karkarwa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ya ku jama'ar Yelwa da Ngaski da Shanga, da mazauna gungu da bakin tafkin Kainji, ku sani akwai wani ciwo da ke kama dattawanmu, mu kuwa muna yi masa mummunar fassara. Hannun mutum shi dinga karkarwa yana zaune, jikinsa shi sandare, takunsa shi gajarce, muryarsa ta yi ƙasa. Masunci shi kasa ɗinkin taru, manomi shi kasa riƙon fartanya. Sai a ce sammu ne ko iska, a sayar da awaki a kai wa boka, a zargi maƙwabci da abin da bai aikata ba. Wannan zalunci ne ga majinyaci da wanda aka zarga.

Wani likitan Ingila, James Parkinson, ya siffanta ciwon a 1817, shi ya sa likitoci ke kiransa da sunansa. Asalinsa a ƙwaƙwalwa yake, inda sinadarin da ke daidaita motsi ke raguwa sannu sannu. Ba ya yaɗuwa, ba a kuma sami abin da ke raba mutum da shi ba, amma ƙwayar lebodofa tana sassauta shi ƙwarai. Muhammad Ali ɗan dambe ya rayu da shi daga 1984 har rasuwarsa a 2016.

To, abin da muke kira gare shi shi ne a riƙe maganin asibiti, sa'an nan a haɗa da taimakon gida. Neman magani ba ya warware tawakkali. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, da kansa ya wallafa littattafai a kan magani.

Na farko, motsa jiki. Kada a kwantar da dattijo a ɗaki don tausayi, zama ke ƙara masa sandarewa. Shi yi tafiya safe da yamma, wani na gefensa. Kadan ƙafarsa ta kafe, a ƙirga masa ɗaya, biyu, da ƙarfi, sau da yawa sai ta saki. Karatun Alƙur'ani a bayyane ibada ne, kuma aiki ne ga muryar da ke dushewa. Tausa da man kaɗanya tana rage tsamin jiki. Amma kada a bar shi shi kaɗai cikin kwalekwale.

Na biyu, abinci. Mu mutanen kifi ne, kifi kuwa da nama da wake suna iya rage ƙarfin ƙwayar nan kadan suka haɗu a ciki. Sai a sha ta kamar rabin sa'a kafin ci. A yawaita ruwa da ganye irin su zogale, domin ciwon yana ɗaure ciki.

Na uku, gargaɗi. Gaskiya ne ƙwayar ƙarara, wannan mai ƙaiƙayi, tana ɗauke da lebodofa, mutanen Indiya ma sun daɗe suna magani da ita. Amma mai dakawa a turmi bai san awonta ba, kuma yawanta na kawo amai da jiri da ruɗewar hankali. Kada a sha sai da sanin likita. Kada kuma a yanke maganin asibiti rana ɗaya don wani ya yi alkawarin waraka, yin haka na da haɗari ga rai.

Wanda ya ga alamun nan ga iyayensa, shi kai su babban asibitin Yelwa, ko Birnin Kebbi, ko asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Masu hali su taimaka da kuɗin ƙwaya, domin shan ta ba ya yankewa. Ku riƙa kai dattijon masallaci da majalisa, kada ku ɓoye shi.

Allah shi ba marasa lafiyarmu sauƙi, shi ba masu jinya haƙuri da lada, amin. Haza wassalam.