Randa Ba Ƙauyanci Ba Ce

Ran nan a ɗakin kwananmu na tambayi abokaina bambancin tulu da randa da kwatarniya. Ɗaya ya yi dariya, ya ce, "Kai dai ɗan Sae Sabuwa, har yanzu ba ka waye ba?" To, ƴan uwa ɗalibai, in wayewa ke nan, a kai kasuwa.

Mu ne masu naɗa rawani ranar makon al'adu, mu jera tukwane a ɗauki hoto, gari na wayewa mu koma kiran mai ginin tukwane baƙauye. Alhali in wuta ta ɗauke a watan Afrilu, firigo ya zama akwati, wa ke ba mu ruwan sanyi? Randa. Yumɓu yana tsattsafo da ruwa, iska ta busar da shi, zafin ya tafi tare da shi. Kakata ba ta shiga lakkwal ba, amma ta san wannan tun kafin a haifi malamin kimiyyarmu.

Na sani, za ku ce bido ya fi sauƙin ɗauka kuma ba ya fashewa. Gaskiya ne. Ban ce a ɗora wa ƙannenmu mata tulu daga rijiya don mu ji daɗin faɗin "al'ada" ba. Rainin nake ƙi.

Ku dubi Ostareliya. A ƙauyen Hermannsburg, cikin hamada, Albert Namatjira ɗan ƙabilar Arrernte ya zana duwatsun ƙasarsu da fentin ruwa, aka baje aikinsa a Melbourne a 1938. A 1990 matan garin suka kafa ƙungiyar ginin tukwane, suna zana ƙasarsu a jikin yumɓu. Su ma fa koyon sana'ar suka yi daga baya! Mu da muka gada, ga Jiratawa kusa da Maradi, ga Miriya a Damagaram, mi muka yi da ita? A Nijeriya hoton Ladi Kwali, mai ginin tukwane, yana kan takardar naira 20.

Ni harshe nake karanta, shi ya sa abin ke ci mini rai. Duk tukunyar da aka daina ginawa, da sunanta take tafiya: shantali, tanda, asusu, kaskon turare, da kalmomin kwaɓa yumɓu da gasa shi waɗanda maginan kaɗai ke riƙe da su. A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, mun yi tafi. Wace Hausar za mu koyar, in rabinta ta bi tsofaffi kushewa?

Hutu na zuwa. Kowa ya nemi magini ko maginiya a garinsu, ya durƙusa ya gaishe su, ya nemi izini, ya naɗi bayaninsu a waya, ya rubuta kalmomin. Sannan ya sayi randa, ban da tayin wulaƙanci. Ba a fafe gora ranar tafiya.