Likita, baki ma jiki ne

Bara kawuna ya kwana uku bai runtsa ba saboda ciwon haƙori. Muka kai shi asibiti aka cire, aka rubuta muna magani, muka komo gida. Ba wanda ya tambaye shi ko yana da ciwon suga, alhali shekara shida ke nan ana duba shi a asibitin nan, ƙofa biyu tsakani. Ramin ya ƙi warkewa, kunci ya kumbura, sai da aka ba shi gado. Mai suga rauninsa ba ya saurin kamewa, ciwon dasashi kuma yana hana sugan sauka. Likitocin biyu duk sun san haka, magana ce kawai ba su yi da juna.

To ƴan uwa, na kawu mai sauƙi ne, babba ne, yana da bakin kai kuka. Ku tuna cutar noma (ba noman gero ba, wadda ke cinye fuskar yara). Daga dasashi take farawa: kumburi, jini, warin baki, yawanci ga ɗan shekara 2 zuwa 6 mai fama da tamowa, ko wanda bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko masassarar cizon sauro ba. In an gano ta a nan, magani da tsabtar baki da abinci mai gina jiki sun isa. In aka bari, cikin ƴan kwanaki ta huda kunci, kuma mafi yawan yaran da ba su samu magani ba mutuwa suke. A Damagaram ƙungiyar Sentinelles ta daɗe tana karɓar waɗanda suka tsira, kuma sai a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Wa ke fara ganin yaron nan? Ba likitan haƙori ba, su ƴan kaɗan ne, kuma a manyan birane suke. Malamar awo ce a CSI. Tana auna damtse, tana ɗora shi a sikeli, amma sau nawa ake cewa uwa ta buɗe bakinsa?

Za a ce ma'aikata sun yi kaɗan, layi ya yi tsawo. Wallahi gaskiya ne. Amma leƙa baki minti guda ne, fitilar salula ma ta isa. Ni abin da nake nema: a koya wa masu awon yara da awon ciki duba dasashi, a ware masa layi cikin karnen lafiya, mai cire haƙori kuma ya karanta karnen kafin ya ɗauki allura. Na kawu yana cikin aljihunsa ranar nan, ba a tambaya ba.