Kabon daisalfaid: Gubar da ke bin masaƙu daga ƙasa zuwa ƙasa

Duk wanda ya duba ɗan ƙyallen da ake liƙawa a wuyan riga ko gefen mayafi ya ga an rubuta "viscose" ko "rayon", to yana riƙe ne da yadin da aka yi da itace. Yadin biskos yana da laushi da sanyi kamar siliki, ga kuma araha, abin da ya sa ya cika kasuwannin duniya, ciki har da Kantin Kwari na Kano, inda akasarin kayan ke shigowa daga ƙasashen Asiya.

Sai dai kafin itace ya zama zare, dole ne a narkar da shi, kuma sinadarin da ake wannan aiki da shi, wato kabon daisalfaid, yana cikin mafiya haɗari da masana'antu ke amfani da su a yau.

Babu wata barazana ga wanda ya sa tufafin, domin sinadarin ba ya zama a jikin yadi bayan an wanke shi a masaƙa. Waɗanda ke ɗanɗana kuɗarsu su ne ma'aikatan da ke shaƙarsa a kullum, da kuma mazauna garuruwan da masana'antun suke.

Ruwan da ke kama wuta ba ashana

Wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Jamus, Wilhelm Lampadius, shi ne ya fara gano sinadarin a shekarar 1796. A da ana samar da shi ne ta hanyar ƙona gawayi tare da farar wuta, amma yanzu akasari ana haɗa farar wutar ne da iskar gas a zafin da ya kai kimanin digiri 600 a ma'aunin salshiyos.

Ruwa ne garau, wanda idan tsantsarsa ne yake da ɗan ƙamshi, amma wanda ake amfani da shi a masana'antu warin ruɓaɓɓen kabeji yake yi.

Yana tafasa ne a digiri 46 kacal, zafin da bai ɗara na tsakar ranar bazara a Sakkwato ko Maiduguri da yawa ba. Tartsatsi ɗaya ya isa ya kunna tururinsa ko da sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da sifiri. Abin da ya fi tayar da hankalin masu kashe gobara kuwa shi ne yana iya kamawa da kansa a wajen digiri 90, wato tun kafin ruwan shayi ya tafasa, alhali man fetur yana bukatar fiye da digiri 240. Ke nan bututun ruwan zafi, ko ƙwan lantarkin da ya daɗe a kunne, ya isa ya tayar da gobara.

Tururin nasa ya fi iska nauyi fiye da ninki biyu da rabi, don haka ba ya tashi sama, sai dai ya bi ƙasa ya taru a kwatami da ramuka, ya yi tafiya mai nisa har ya gamu da wuta. Idan ya kama, harshen wutar shuɗi ne mai wuyar gani da rana, kuma hayaƙin da yake fitarwa shi ma guba ne.

Abu guda da ya sauƙaƙa ajiyarsa shi ne ya fi ruwa nauyi, kuma ba ya cuɗanya da shi sosai. Saboda haka ake zuba ruwa a kansa a cikin tanki, ruwan ya zauna a sama ya hana tururi fita. Wasu masana'antun iskar naitirojin suke sa wa a maimakon ruwa.

Kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ake samarwa a duniya yana tafiya ne wajen yin biskos da ledar selofen. Sauran kuma ana haɗa magungunan feshin gona da shi, irin su mankozeb da manoman tumatir da dankali suka sani, da sinadaran tace ma'adinai da na sarrafa roba.

An daɗe da sanin illarsa

Ba za a ce likitoci ba su yi gargaɗi ba. Tun a shekarar 1856 wani likita a birnin Paris, Auguste Delpech, ya bayyana halin da ma'aikatan sarrafa roba ke shiga sakamakon shaƙar sinadarin: ciwon kai, da mugayen mafarkai, da saurin fushi, da mutuwar gaɓɓai, da rashin ƙarfin mazakuta, wasu ma har da taɓin hankali. A ƙarshen ƙarni na 19 an ba da rahoton wata masana'antar roba a Ingila da ta sanya ƙarafa a tagoginta domin kada ma'aikatan da hankalinsu ya gushe su faɗo ƙasa. Wato an gwammace a tsare taga da a sauya sinadarin.

A shekarar 1892 wasu masana uku a Ingila, Charles Cross da Edward Bevan da Clayton Beadle, suka yi rajistar hanyar yin biskos. Ana jiƙa niƙaƙƙen itace ne a ruwan soda, a zuba masa kabon daisalfaid har ya narke ya yi kauri kamar zuma, sannan a matso shi ta ƙananan huji zuwa cikin ruwan asid, inda yake daskarewa ya zama zare. A wannan mataki na ƙarshe ne sinadarin ke sake fita ya cika ɗakin da ma'aikata suke. Kamfanin Courtaulds ya fara wannan sana'a a garin Coventry a 1905, daga nan ta bazu a Turai da Amurka da Japan.

A ƙarshen shekarun 1930, likitar nan ta Amurka Alice Hamilton ta binciki masaƙun biskos na ƙasar, ta kuma tarar da irin cututtukan da Delpech ya gani shekaru tamanin kafin nan. Bayan an inganta hanyoyin fitar da iska, taɓin hankali ya ragu, amma sai wata illar ta bayyana wadda ba ta nuna kanta da wuri. Wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 1968 ya nuna cewa ma'aikatan da ke sashen kaɗin zare suna mutuwa da ciwon zuciya fiye da ninki biyu na sauran takwarorinsu, kuma binciken da aka yi a Finland daga baya ya tabbatar da haka.

Wannan ne ya sa lamarin ke da wuyar sha'ani a gaban kotu. Mutumin da ya faɗi da ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki yana ɗan shekara 50, bayan ya bar aiki da daɗewa, da wuya iyalansa su danganta abin da iskar da ya shaƙa a masaƙa.

Injuna sun yi ƙaura, cutar ta bi su

Babu inda tarihin wannan sinadari ya fito fili kamar a kamfanin Wonjin Rayon na Koriya ta Kudu. A shekarun 1960 ne aka sayo tsoffin injunan kamfanin daga Toyo Rayon na Japan. Sai a 1988 labarin ma'aikatan da suka nakasa ya fito a jaridu, kuma daga bisani hukumomi suka amince cewa mutane fiye da 900 sun kamu da cutar da sinadarin ke haddasawa. Gwagwarmayar da iyalansu suka yi ta sauya dokokin lafiyar ma'aikata a ƙasar, har aka gina asibiti da kuɗin diyyar.

An rufe kamfanin a 1993. Shekara guda bayan haka aka sayar da injunan ga wata masaƙa a birnin Dandong na ƙasar China.

A Amurka ma an rufe babbar masaƙar Avtex da ke jihar Virginia a 1989, aka kuma shafe shekaru ana aikin tsaftace ƙasa da ruwan da ta gurɓata. Bukatar yadin dai ba ta ragu ba, ƙaruwa ma ta yi. A yau China ce ke kan gaba nesa ba kusa ba wajen samar da biskos, sai Indiya da Indonesiya.

A shekarar 2017 wata ƙungiya mai suna Changing Markets Foundation ta fitar da rahoto kan wasu masaƙu a waɗannan ƙasashe uku, ciki har da ta garin Nagda a jihar Madhya Pradesh ta Indiya, inda ta yi zargin gurɓata koguna da iska, ta kuma ambaci manyan kamfanonin tufafi na Turai da ke sayen zaren. Matsin lambar da ya biyo baya ta sa wasu manyan masu samar da biskos suka yi alƙawarin rufe injunansu ruf, su riƙa kama tururin suna sake amfani da shi. An samu ci gaba a wasu masana'antun, sai dai alƙawari ne na ganin dama, kuma ƙananan masaƙun da ba sa sayar wa Turai kaya babu abin da ya tilasta musu.

Tarayyar Turai ta zartar da wata doka a 2024 da za ta ɗora wa manyan kamfanoni alhakin bincikar yadda ake yin kayan da suke saya daga waje, amma a 2025 aka ɗage fara aiki da ita, aka kuma shiga rage mata ƙarfi bayan koke-koken 'yan kasuwa.

Kariyar sananniya ce

Masana lafiyar ma'aikata ba su da saɓani kan abin da ya kamata a yi. A rufe injin kaɗi, a ja tururin ta bututu kafin ya kai hancin ma'aikaci, a kuma riƙa auna iskar ɗakin dare da rana, tun da hanci yana sabawa da warin har mutum ya daina jinsa. Tankuna da bututu a haɗa su da ƙasa ta waya don kada tartsatsi ya tashi lokacin juye, kayan aiki kuma su zama waɗanda ba sa ƙyasta wuta. Sinadarin yana ratsa fata, kuma safar hannu ta roba da aka saba gani ba ta tare shi. Akwai gwajin fitsari da ke nuna yawan abin da ya shiga jikin ma'aikaci a ƙarshen aikin yini, wanda ya kamata a haɗa da awon jini da na zuciya da na ido lokaci-lokaci.

Duk waɗannan kuɗi ne, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Biskos na samun kasuwa ne saboda ya fi siliki araha, don haka duk masaƙar da ta kashe kuɗi wajen kariya tana gogayya ne da wadda ba ta kashe ba.

Akwai ma hanyar da ba ta bukatar sinadarin kwata-kwata. Zaren layosel, wanda Courtaulds ya fara samarwa don kasuwa a 1992, kuma kamfanin Lenzing na Ostiriya ke sayarwa da sunan Tencel, ana yinsa ne da wani sinadari daban da ake sake tattara fiye da kashi 99 cikin 100 nasa. Amma ya fi tsada, kuma har yanzu kasonsa a kasuwa kaɗan ne idan aka kwatanta da biskos.

Mai saye ma ba koyaushe yake sanin abin da ya saya ba. Yawancin tufafin da ake tallatawa da sunan "yadin gora" mai kare muhalli, biskos ne da aka narkar da gorarsa da wannan sinadari. A 2022 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanonin Walmart da Kohl's biyan tarar dala miliyan 5.5 a tsakaninsu kan irin wannan talla.

Su kansu ƙasashe masu arziki ba su daidaita kan adadin da ya halatta ma'aikaci ya shaƙa ba. Tarayyar Turai ta ƙayyade kashi 5 cikin miliyan na iskar wurin aiki a tsawon sa'o'i takwas. Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta gwamnatin Amurka ta ba da shawarar kashi 1. Hukumar da ke da ikon tilasta doka a ƙasar ta rage nata adadin zuwa kashi 4 a 1989, amma wata kotun ɗaukaka ƙara ta soke matakin a 1992, lamarin da ya mayar da shi kashi 20, adadin da aka tsayar tun farkon shekarun 1970.