In An Wanke Kwano Bai Fita Ba

 Yau maganarmu a kan wanke-wanke ta ke. Na san wata za ta ce, "Wanke-wanke ma sai an koya mini?" To, ki yi haƙuri ki karanta. Sau da yawa a kan wanke kwano, a ɗauraye, a kife, amma in an ɗauko sai a ji yana santsi ko yana ƙarni. Daga nan sai a hau yarinyar da ta yi aikin da faɗa. Alhali kuwa ruwa ba ya tsami banza. In kwano ya ƙi fita akwai dalili, mace mai hankali kuwa dalilin ta kan fara nema.

Bari mu fara da na'urar wanke kwanuka, wadda waɗansunku suka gani a gidajen 'yan'uwa a Kaduna ko Abuja. Wata mace ce a Amurka, Josephine Cochrane, ta ƙago irin wadda ta fara karɓuwa. An ba ta takardar shaidar ƙirƙira a 1886, ta kuma nuna ta a babban bajekolin Shikago a 1893. Aikinta ba tsafi ba ne. Ta kan ja ruwa, ta ɗumama shi ya yi zafi ƙwarai, ta fesa wa kwanuka ta waɗansu hannuwa masu juyawa, sa'an nan ta zubar. Irin na yanzu, ruwan da su ke ci a wanki ɗaya bai kai jarka guda mai lita 25 ba.

In kina da ita ta ba ki wahala, kada ki yi saurin kiran mai gyara. In ta ƙi tashi, duba ƙofar, don ba ta aiki sai ƙofa ta rufu sosai. In ƙofa lafiya, watakila wuta ce ta yi ƙasa, ƙaramin janareto kuwa ba ya ɗaukarta. In ta tashi amma ruwa bai shiga ba, duba ko famfo a buɗe ya ke, ko tanki ya ƙare. In kwanuka sun fito da datti, zare wayarta daga bango tukuna, sa'an nan ki ciro matacin da ke ƙasanta ki wanke. Ki sa tsinke ki tsokace hujojin hannuwan nan, domin yashin ruwan rijiya ya kan toshe su. In ruwa ya kwanta a ciki ya ƙi fita, duba bututun baya ko ya lanƙwashe. In kumfa ya yi ambaliya har ƙasa, an sa mata sabulun wanki ne, ita kuwa sai nata na musamman. Ƙwarya da akushi da muciya ba su shigarta, zafi zai tsaga su. Amma in kin ji ƙaurin waya, ko ta ja ki da kika taɓa ta, kashe ta nan da nan. Wannan aikin mai gyara ne.

To, mu a Birnin Gwari da Kuyello da Randagi da Dogon Dawa, na'urar yawancinmu ita ce hannu biyu da daro. Amma ku lura, abin da ke ɓata aikin waccan shi ke ɓata namu, watau ruwa, da maiƙo, da abin gugawa, da wurin shanya.

Na farko ruwa. Da damina rafukan da ke gangarowa daga dajin Kamuku zuwa kogin Mariga su kan yi ja wur, rijiyoyin da ba su da murfi kuma su gurɓace. Ruwan laka ba ya fid da kwano, sabulu kawai ya ke cinyewa. Ki ɗebi ruwan tun da yamma ya kwana, da safe ki tsiyaye na sama. In kina sauri, ɗan alif ko dakakken ƙwayar zogale zai kwantar da lakar. Amma ki sani, alif laka ya ke kwantarwa, ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Sabo da haka ruwan ɗaurayar ƙarshe ya zama tafasasshe, ko wanda aka ɗiga wa maganin kulorin bisa ga yadda aka rubuta a jikin kwalbar. Kada ki ga kamar wahala ce. A 2021 amai da gudawa ya kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya, ta ruwa da abinci kuwa ya ke shiga ciki. A gidan da jama'a suka yi yawa ana sha da moɗa ɗaya, mutum ɗaya ya isa ya rarraba wa kowa.

Na biyu maiƙo. Manja da kitse ba su jin ruwan sanyi, sai dai su bi soso daga wannan kwano zuwa wancan. Ki kwashe sauran miya da tuwo tukuna ki ba kaji. Tukunyar tuwo kuwa, da kin kwashe ki zuba mata ruwa, ƙanzo ya jiƙa. Ki ɗora ruwa a kan sauran garwashi kafin a gama cin abinci, ba sai kin ƙara itace ba. Ki jera daro uku, ɗaya na sabulu, biyu na ɗauraya. Ki fara da kofuna da moɗa da cokula, sai farantai da samira, tukwane su zo a ƙarshe. Wadda ta fara da tukunyar miyar kifi, kowa zai sha ƙarni a kunun safe.

Na uku abin gugawa. Soson da ya kwana cikin ruwan wanke-wanke gidan ƙwayoyin cuta ne. Ki wanke shi, ki matse, ki rataye a rana. Soson da ke yaɗo a jikin dangarki ba saye ki ke yi ba, in ya yi laushi ki sake wani. Toka kuwa abokiyar aiki ce tun kaka da kakanni, domin akwai wani abu a cikinta mai kama da kanwa wanda ya ke cinye maiƙo. Sai dai kada ki bar tukunyar alminiyom ta daɗe cikin ruwan toka, za ta yi baƙi. Yashi kuma ya kan kankare samira, inda ya kankare nan tsatsa da datti za su zauna.

A nan ina so ku kasa kunne da kyau, domin ƙasarmu ƙasar haƙar zinariya ce. Wani dutsen zinariya yana ɗauke da gubar dalma, ido kuwa ba ya iya bambanta mai ita da marar ita. A 2010 wannan guba ta kashe yara wajen 400 a Zamfara, sabo da ana kawo dutsen cikin gida ana dakawa. A 2015 ta kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, nan maƙwabtanmu. Don haka kada ki aiki yaro ya ɗebo miki yashin goge tukunya daga bakin rami, ko daga inda a ke wanke zinariya. In maigida ko ɗanki yana wannan sana'a, ki lallaɓa shi ya nemi nasa turmi da nasa daro, su kuma tsaya can wurin aiki. Haka nan jarka da bokitin da aka dama maganin feshi a ciki, ko an wanke su kada su ƙara kusantar madafa.

Na huɗu shanya. Kwanon da aka wanke tas aka kife a ƙasa, akuya ta lasa, ƙuda ya sauka, an yi aikin banza. Ki roƙi maigida ya kafa miki 'yar rumfa ta itace, tsayinta ya kai ƙugu, a inda rana ke bugawa. A haƙa ɗan rami a ƙarƙashinta a cika da tsakuwa, don ruwa ya nutse kada sauro ya sami wurin ƙwai. Ki kife kwanuka a kai, rana ta busar da su. Kada ki bi su da tsumma, sau da yawa tsumman ya fi kwanon datti. In sun bushe ki shigar da su ɗaki ki rufe.

Ku kuma 'yan makaranta, tun da ya ke aikin nan yawanci a hannunku ya ke, ku karanta wa iyayenku mata wannan shafi cikin ladabi. Ke uwargida, in kwano ya fito da santsi gobe, ki duba ruwa, ki duba soso, ki duba wurin shanya, kafin ki ɗaga murya. Mako mai zuwa za mu yi magana a kan wanke randa da tulu. Sai mun sadu, a huta lafiya.